Tambaya da Amsa: Wane maciji zan ajiye a babban kejin gilashi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Na daɗe ina sha'awar kiwon maciji, yanzu na samu fili a jikin bangon falona, tsawon mita 2, faɗi santimita 60, tsayi kamar mita ɗaya da ɗan wani abu, ina so in haɗa keji na gilashi wanda duk wanda ya shigo zai tsaya ya kalla. Ban taɓa riƙe maciji ba. Wasu sun ce in ɗauki ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa, wasu kuma sun ce babban keji yana firgita maciji. Don Allah wanne zan zaɓa, kuma yaya zan tsara kejin? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, madalla da ka tambaya kafin ka sa a yanka gilashi. Ka fara zaɓen macijin tukuna, shi zai faɗa maka irin kejin da za a gina, don yawancin masu kuka da cewa macijinsu ya ƙi cin abinci ko ya ƙi fitowa, keji suka fara ginawa don idonsu sannan suka nemo dabbar da za su zuba a ciki.

Mesar da aka ba ka shawara, wadda masana ke kira Python regius, asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, ba ta cika wuce mita ɗaya da rabi ba, ga sanyin hali, idan ta tsorata sai ta naɗe jikinta ta cusa kai a tsakiya maimakon ta kai sara. Dabba ce mai kyau ga sabon shiga. Amma fa kai kallo kake so, ita kuma da rana tana cikin rami, sai dare ya yi take fitowa yawo, za ka gina keji mai kyau baƙi su zo su yi ta leƙe ba su ga komai ba sai ƙarshen jela. Sannan takan yi yajin cin abinci na makonni, wani lokaci har watanni, abin da ke ɗaga hankalin wanda bai saba ba. Kuma tana kai shekara 20 zuwa 30, ka lissafa wannan tun yanzu.

Ni a ganina macijin masara, wanda ake kira corn snake da Turanci, ɗan asalin kudu maso gabashin Amurka, shi ya fi dacewa da kai. Tsawonsa kamar mita 1.2 zuwa 1.5, siriri ne, ba shi da dafi, yana cin abinci ba gardama, yana hawa reshe, yana yawo musamman da yamma da asuba, ga launi ja da ruwan lemo mai ɗaukar ido, kuma yana haura shekara 15 idan ya samu kulawa. Aibinsa ɗaya, gwanin gudu ne, duk ramin da kansa ya shiga toh jikinsa ma zai bi.

Mesar kafet ta Ostireliya da Niyu Gini ita ma tana kwanciya a fili a kan reshe, ta dace da keji mai tsayi, sai dai ƙanananta suna da saurin cizo kuma tana kai mita 2 ko fiye, ka bar ta sai hannunka ya faɗa. Koriyar mesar bishiya kuwa kyau kam ba a magana, amma ba ta son taɓi kuma danshinta da wuyar daidaitawa. Manyan nan irin mesar Bama da ke kai mita 5, kar ma ka fara. Irinta ce ta bazu a dausayin Everglades na jihar Florida tana cinye namun daji, har Amurka ta hana shigo da ita a 2012. Masu dafi irin su kumurci da kasa da kububuwa ba su cikin wannan magana kwata-kwata.

Batun cewa babban keji yana firgita maciji, ba girman ne matsalar ba, fili fetal ne. Maciji a daji abincin shaho ne da sauran dabbobi, idan ka ajiye shi a akwatin gilashi wayam babu wurin ɓuya ji yake kamar an tsayar da shi tsakiyar fili kowa na kallonsa. Ka cika kejin da rassa, ɓawon itace, ganye na gaske ko na roba, yadda zai tashi daga wannan ƙarshe zuwa wancan rabin jikinsa a rufe, za ka ga ya fi fitowa, saboda ya san ko'ina ya juya akwai mafaka kusa. Maɓoya aƙalla biyu, ɗaya a ɓangaren ɗumi ɗaya a ɓangaren sanyi, kuma matsattsu, wanda bayansa zai taɓa rufin idan ya naɗe. Idan jariri ka samo, ka fara renonsa a ƙaramin akwati tukun, don a mita biyu ko gane ya ci ko bai ci ba zai yi maka wuya.

Gilashin a gaba kawai za ka sa, ƙofa mai zugewa da makulli, sauran ɓangarori uku da rufi a yi su da allon roba mai tauri da ake kira PVC ko katako da aka shafe da abin hana ruwa shiga, sun fi riƙe zafi kuma macijin bai jin a tsirara yake. Ka duba tsakanin gilasan ƙofar guda biyu inda suke haɗuwa da ramin da waya ke shiga, nan suke bi su fice. Ramukan iska a sa wasu ƙasa ta ɓangaren sanyi, wasu sama ta ɓangaren ɗumi, a rufe da raga mai ƙarfi.

Zafi shi ne ran abin gaba ɗaya. Maciji ba ya haɗa zafin jikinsa da kansa, matsawa yake daga ɗumi zuwa sanyi, shi ya sa fitilar zafi take zama a gefe guda kawai ba a tsakiya ba. Ga macijin masara, wurin shan ɗumi ya kai digiri 30 zuwa 32, ɗaya ƙarshen ya tsaya wajen 22 zuwa 25. Dole fitilar ta bi ta na'urar daidaita zafi mai kashe ta idan ya yi yawa, kuma a sa mata kejin waya, don maciji zai naɗe ƙwan fitila ya ƙone fatarsa bai sauka ba, wannan ƙuna abin tausayi ce wallahi kuma tana daɗewa ba ta warke ba. Ma'aunin zafi biyu, kowane ƙarshe ɗaya. Haske awa 12, duhu awa 12. Idan inda kake akwai zafi sosai, damuwarka za ta koma yadda ɓangaren sanyin zai yi sanyi da gaske, don haka kar kejin ya kalli tagar da rana ke dukansa.

Shimfiɗar ƙasa, zaren kwakwa ya wadatar, ka guji garin katakon itatuwan fayin (pine) da na sida (cedar) don mansu yana cutar da numfashinsa. Kwanon ruwa mai nauyi wanda ba zai kifar ba. Idan ka ga idonsa ya yi fari-fari kamar hazo, saɓa zai yi, ka ƙara masa danshi ka ƙyale shi.

Abinci ɓeraye ne, daskararru daga firiza a narkar su ɗumama, wanda kaurinsa bai wuce tsakiyar jikin macijin da yawa ba, babban maciji sau ɗaya yake ci a kwana 10 zuwa 14, kuma kar ka ɗauke shi sai bayan kwana biyu da ci, in ba haka ba zai amayar. Ka tambayi mutanen gida ko za su yarda da wannan a firiza, da ma macijin kansa. Wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi ko kejinsa wajibi ne saboda ƙwayar cutar salmonela mai kawo gudawa da zazzaɓi, musamman in akwai ƙananan yara.

Ka sayi wanda aka haifa a hannun masu kiwo, na kamun daji yakan zo da tsutsar ciki da kaska. Ka bincika dokar ƙasarka, mesa da bowa (wani dangin macizai masu kama da mesa) duk suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ketare iyaka da su sai da takarda. Sannan ka kunna kejin ya yi mako guda babu kowa a ciki kana duba ma'aunan safe da dare, in lambobin sun zauna sai ka je ka ɗauko macijin.