Motar kwanata na zaunawa da kaya, in ƙara mata sifirin?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina zaune a Hamburg ta Jamus, na sayi irin motar nan mai gado da kicin a ciki, Fiat Ducato ce, takardarta ta ce iyakar nauyinta da kaya kilo 3,500 ne. Mu biyar ne da yara, da mun zuba ruwa da gas da kekuna sai ka ga bayanta ya zauna. Wani abokina ya ce in ƙara mata sifirin kamar yadda ake yi wa motocin lodi a gida. Zai yi kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh gaskiya sifirin zai ɗaga bayan motar ta yi kyan gani, amma birki da taya da ƙarfen ƙafafun suna nan yadda suke, kuma ɗan sanda iyakar nauyin da ke takarda zai duba, haka ma inshora in an yi hatsari Allah ya kiyaye.

Fara da sikeli. Ka loda ta tsaf kamar za ku tafi, yara a ciki, tanki cike, ka auna ƙafafun gaba daban na baya daban, sai ka gwada da ɗan farantin da ke jikin motar, akwai iyakar kowanne a rubuce. Bayan ne ke fara wuce iyaka, saboda duk abin da ka rataya can ƙarshe bayan taya, kamar kekunan nan, yana danna ƙafar baya fiye da nauyinsa kuma yana sauƙaƙa gaba har ka ji sitiyari na yawo a hannunka, wannan shi ya fi ba ni tsoro da yara a mota.

Ruwa lita 100 kilo 100 ne cif, ka tafi da lita 20 ka cika in kun isa, ka ga ka samu kilo 80 kyauta.

In duk da haka bai isa ba, akwai hanyar doka. Irin wannan Ducato ana iya ɗaga iyakar nauyin wasu zuwa kilo 3,650 ko 3,850, wani lokaci da takardar amincewa kawai, wani lokaci sai an sa balan-balan ɗin iska mai taimaka wa sifirin a baya da taya mai ƙarfi. Duba lambar gefen tayarka, 109 na nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 1,030, 112 kuma 1,120. Sai masu gwajin lafiyar mota, TÜV ko DEKRA, su duba, sannan a canja lambar a takardar mota.

Amma kafin ka kashe ko sisi duba lasisinka. Ajin B ya tsaya a 3,500, da ka haura sai C1 mai kai 7,500, sai dai in tsohon lasisin Jamus ne na kafin 1999. In ta haura 3,500, gudunka a babbar hanyar Autobahn zai tsaya a kilomita 100 a awa, kuma in za ka shiga Ostiriya sai ka sa akwatin biyan kuɗin hanya na GO-Box.