Tambayoyinku kan fasaha: maɗaurin agogon zamani, daga roba zuwa sarƙa

Tun da agogunan da ake haɗawa da waya suka cika kantunan Yamai, tambayoyin da ke zuwa wannan fili sun fara karkata daga batun allo da batir zuwa ga abin da ke riƙe agogon a hannu. Mutane na ɗaukar maɗauri a matsayin ado kawai, alhali a agogon zamani yana cikin abubuwan da ke sa na'urar ta yi aiki daidai ko ta yi ƙarya. Ga wasu daga cikin tambayoyin.

Tambaya: Malam, robar agogona ta tsinke. Na je Babbar Kasuwa na zaɓi wadda ta burge ni, da na zo gida ta ƙi shiga. Yaya ake gane wadda ta dace? Daga wani matashi a Bukoki.

Amsa: Ƙanena, da ido ka yi saye, abin kuwa na awo ne. Sama da ƙasan agogon akwai ƴan kunnuwa biyu-biyu da maɗauri ke shiga tsakaninsu. Tazarar da ke tsakanin kunnuwan, a milimita, ita ce lambar da za ka nema, kuma galibi 18 ce, ko 20, ko 22. Kafin ka nemi rula juya tsohuwar robar, sau da yawa lambar na nan a bayanta. Kada 44 ko 46 da ke jikin kwali su ruɗe ka, wannan faɗin fuskar agogon ne. Galaxy Watch 4, 5 da 6 duk 20 suke ɗauka, shi kuwa Huawei Watch GT mai fuska 46 yana ɗaukar 22.

Abin da ke riƙe maɗaurin wani siririn ƙarfe ne mai sifirin a ciki, bakinsa biyu na shiga ƴan ramukan da ke jikin kunnuwan. In ka sa mai 20 a gurbin 22 za ta shiga kam, amma za ta riƙa zamewa hagu da dama, gefen ƙarfen ya fito fili, wata rana hannun riga ya maƙale shi agogo ya sha ƙasa. Apple kuma tun agogonsa na farko a 2015 bai bi wannan tsari ba, zura maɗaurin ake yi cikin wani kwari daga gefe, kuma na ƙaramar fuska daban, na babba daban. Xiaomi ma ya sauya tsari daga Band 8, robar Band 7 ba ta yi masa. Saboda haka ka koma da agogon a hannu, a gwada a gabanka.

Tambaya: Malam, duk lokacin zafi wuyan hannuna sai ya yi ja da ƙuraje a ƙarƙashin agogo. Wata ta ce mini koren hasken nan na bayan agogo ne ke ƙona fata. Gaskiya ne? Daga wata malamar makaranta a Tawa.

Amsa: Malama, hasken ba shi da laifi, ƙaramar fitila ce da ba ta ƙona fata. Ki duba inda ƙurajen suke, su za su gaya miki mai laifin.

In sun zagaye hannun daidai faɗin maɗaurin, to danshi ne. Roba ba ta barin iska ta ratsa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tawa ke wuce digiri 40, zufa na taruwa a ƙasanta, ga ƙura, ga ragowar sabulu da man shafawa, ga kuma ruwan alwala sau biyar a yini da ke shiga ba ya fita. Fata ta yi laushi, gefen robar ya riƙa gogarta. Wannan shi ne ya fi yawa, kuma maganinsa kyauta ne: ki cire agogon in za ki yi alwala, ki tsane hannu kafin ki mayar, ki ɗauraye robar da ruwa zalla, ki riƙa sauya hannu, da dare ki bar fatar ta sha iska.

Robar ma suna ta tara. Akwai silikon, mai laushi da araha, amma mai kama ƙura. Akwai wadda ake kira TPU, ta fi tauri, kuma in ta sha rana takan bushe ta tsage. Akwai mai tsada da ake kira FKM, irin wadda Apple ke yin maɗaurinsa na wasanni da ita, ta fi jure zafi da zufa da mai. To amma ko wacce ce, roba ce. Ni a ganina, ga yanayinmu, saƙaƙƙen maɗauri na zaren nailan ya fi su duka, don yana barin iska ta shiga, ana wanke shi, kuma ba ya daɗewa yake bushewa. Aibinsa shi ne wari in an yi sakacin wanki.

In kuwa ƙurajen a wuri ɗaya suke, daidai inda ƙarfen maɓalli ke taɓa fata, to mai yiwuwa jikinki ba ya shiri da wani ƙarfe da ake kira nikel. Ko ƙarfe mai kyau na agoguna, wanda ake kira 316L, yana ɗauke da nikel kashi 10 zuwa 14 cikin ɗari, sai dai ya riƙe shi da kyau, kaɗan ke fita. Matsalar ta fi zuwa daga maɓallai masu araha da aka yi wa rufin ƙyalli, waɗanda zufa ke cinye rufin. Tarayyar Turai ta ƙayyade yawan nikel ɗin da kayan da ke daɗewa a jikin fata za su iya saki, amma ba kowane kaya da ke iso mana ne ya bi wannan ƙa'ida ba. Kuma ba ƙananan kamfanoni kaɗai abin ke samu ba, a 2014 Fitbit ya janye samfurinsa Force daga kasuwa saboda koke-koken ƙuraje. Ki nemi maɗauri mai maɓallin roba ko na titaniyam. In fatar ta fara ruwa ko ta ƙi warkewa bayan kin ajiye agogon, wannan ya wuce filina, ki ga likita.

Tambaya: Malam, ɗan kabu-kabu ne ni. Na sa wa agogona sarƙar nan mai kama da raga wadda maganaɗisu ke rufe ta. Tun daga nan lissafin bugun zuciya ya rikice, alƙibla ma in na duba sai ta nuna wani gefe. Daga Tawa.

Amsa: Ɗan'uwa, matsala biyu ce, kuma duk daga sarƙar. Korayen fitilun bayan agogo suna haska fata, jini na shanye koren haske, agogon kuma na auna wanda ya dawo. Duk bugun zuciya jini na ƙaruwa, hasken da ke dawowa ya ragu, da haka yake ƙirgawa. Sai bayan agogon ya zauna daram a kan fata wannan ke yiwuwa. Maganaɗisu kuwa, musamman na masu araha, yana zamewa da girgizar babur, sarƙa ta saki, hasken rana ya shiga ta gefe, lissafi ya lalace. Ɗaura agogon sama da ƙashin wuyan hannu da kamar faɗin yatsa, ka matse in kana son awo, ka sassauta in ka gama.

Na alƙibla ya fi muhimmanci. Kamfas ɗin cikin agogo, wato na'urar da ke nuna arewa, yana bin maganaɗisun duniya ne, wanda ba shi da ƙarfi, kai kuma ka ɗaura masa wani a kusa. Apple da kansa ya yi gargaɗi cewa wasu maɗauransa masu maganaɗisu, har da irin wannan raga da ake dangantawa da birnin Milan na Italiya, na iya rikita kamfas. Ka koma maɗauri marar maganaɗisu, ko ka duba alƙibla a waya, nesa da sarƙar da kuma babur ɗin.

Kada kuma ka gudu daga nan ka faɗa wa maɗaurin nailan mai tsawo ɗaya da ake kira NATO, wanda ma'aikatar tsaron Birtaniya ta fitar wa sojojinta a 1973. Dabararsa ita ce yana bi ta ƙarƙashin agogo, ko ƙarfe ɗaya ya ɓalle agogon ba zai faɗi ba. A agogon zamani kuwa wannan bin ƙasan shi ke rufe fitilun da wurin caji. Mai ɓangare biyu za ka nema.

Tambaya: Ɗana ya aiko mini agogo mai sarƙa, ta yi mini yawa. A yanke ta? Daga wani dattijo a Yantala.

Amsa: Baba, ba a yankewa. Gaɓoɓi ne da aka haɗa da ƴan ƙusoshi, wasu da sukurori. A cikin sarƙar akwai ƴan kibiyoyi da ke nuna ta inda ake tura ƙusa ta fita. Mai gyaran agogo zai yi cikin mintoci, a ce masa dai ya rage daga ɓangarorin biyu don maɓallin ya zauna tsakiyar hannu, a kuma adana gaɓoɓin da aka cire. A bar ɗan sarari, hannu na kumbura lokacin zafi. Ƙurar hunturu in ta haɗu da zufa tana cin ƙusoshin har sarƙa ta yi sako-sako, don haka a riƙa goge ta da tsohon buroshin haƙori.

Tambaya: Malam, baduku zai iya ɗinka mini na fata? Daga wata mai karatu a Talaje.

Amsa: Ƙwarai kuwa, Hajiya, masu aikin fata a kasuwar sana'ar hannu ta Wadata da harabar gidan tarihi na Boubou Hama sun saba da abin da ya fi wannan wuya. Fatar jar akuyar Maradi sananniya ce wajen laushi, kuma jimar bagaruwa ba ta da sinadarin kurom da ke damun fatar wasu mutane. Sai dai fatar akuya siririya ce, tana miƙewa, don haka a ninka ta biyu a ɗinke gefe da gefe, a sa marar rini daga ciki don kada zufa ta sauke miki launi a hannu. Ki kai masa tsohon maɗaurin ya kwaikwaya, ya kuma ciri maɓallinsa. Tsawon da aka saba shi ne wajen milimita 115 zuwa 120 ɓangaren huda, 75 zuwa 80 ɓangaren maɓalli, na mata kan ɗan gaza haka. In Apple ne sai kin sayi ƴan ƙarafan haɗi da ke shiga kwarin. Alamar jure ruwa da ke jikin kwali, IP68 ko 5 ATM, ta agogon ce ba ta fatar ba, saboda haka ki ajiye na fata don Juma'a da biki, ki riƙe na nailan don aikin yau da kullum.