Kafin ka sayar da kwamfutar shagon, ka auna ta ranar kasuwa

Wani mai shagon tura finafinai da buga takardu a Maigatari ya rubuto cewa duk ranar Alhamis, idan kasuwa ta cika, kwamfutarsa sai ta sandare: yana tura fim a waya biyu, yaronsa na buga takarda, ga masu jira har bakin ƙofa. Mai gyara ya ce furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfutar, ce ta yi ƙanƙanta, ya sayi sabuwar kwamfuta. Yana tambaya ko ya ci bashi ya saya.

Malam, kada ka ci bashin tukuna. Mai gyaran ya duba ta ne tana zaune ba ta aikin komai, kai kuwa matsalarka ta lokacin cunkoso ce. Ranar Alhamis mai zuwa, daidai lokacin da ta fara nauyi, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Dubi layi uku: CPU (furosesa), Memory (inda take riƙe aikin da take kan yi) da Disk (faifan ajiya). Wanda ya maƙale kusa da 100 cikin 100, shi ne mai laifin.

Zatona Disk ne. Tsohon faifan ajiya, wato HDD, faranti ne mai juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, da allura mai bin bayanai. Idan fim ɗaya yake karantawa, yana iya ba da megabait 100 zuwa 150 a sakan. Amma a ce ya karanta fim biyu, ya buɗe Word, ga maganin bairos na bincike a bayan fage, sai allurar ta koma kai da kawowa, kamar yaron shago ɗaya da mutum biyar suka aika lokaci guda. A nan za ka ga furosesa tana kan 20 ko 30 kawai, tana zaman jira. Maganin wannan shi ne SSD, sabon nau'in ma'ajiya da ba shi da allura: na SATA, mai mahaɗi irin na HDD, yana kaiwa wajen megabait 500 a sakan, kuma a ƙananan karatu na nan da can ne ya fi yi wa HDD fintinkau. Ga shi bai cika jan wuta ba, abin da mai sola zai ji daɗinsa.

Idan Memory ce ta cika, kuma 4GB gare ka, mayar da ita 8GB, domin idan ta cika faifan ne ke ɗaukar ragowar kayan. Idan kuwa CPU ce da gaske, fara sa a share ƙurar fanka, don zafi na sa ta rage gudu da kanta.

Wani abu da masu turi ke mantawa: ramin USB 2.0 da ƙyar yake wuce megabait 35 a sakan. Wayar da ke kansa, ko sabuwar kwamfuta ka sayo, haka za ta riƙa ja. Mai shuɗin ciki shi ne yawanci 3.0, wanda ya fi sauri.

In za ka shiga Kano sayen SSD, a Beirut ko Farm Centre, tafi da manhajar gwada gudun faifai, CrystalDiskMark, a filas, kyauta ce. A gwada a gabanka, ka dubi layin RND4K, mai auna ƙananan karatun nan da can, ba babbar lambar sama da mai kaya zai nuna maka ba. Sa Windows a kan SSD ɗin, finafinan su zauna a tsohon faifan.