Amsoshin Tambayoyinku: Kalmomin fushi da duka a Turanci, da ƙamus ɗin da za a saya

Tambaya: Malam, WAEC ta matso. An ce mu rubuta labarin rigimar da ta ɓarke a kasuwa, sai na tsinci kaina ina ta maimaita "angry" da "beat". Hankalina a tashe yake. Wane ƙamus zan saya, ga kuɗin ba yawa? Ɗaliba daga Zariya.

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki, wannan abu ne mai gyaruwa kafin jarrabawa. A Hausa ai ba kya cewa "ya doke shi" a ko'ina; akwai mari, akwai naushi, akwai jibga da tattakewa. Turanci ma haka yake. "Seethe" na wanda zuciyarsa ke tafasa ne amma bai ce uffan ba. "Rage" kuwa fushin ya fito fili, har da hargagi. "Lash out" shi ne mutum ya far wa wani ba zato, da baki ko da hannu, kuma "at" ke bin sa. Ki kula da "infuriate" da "enrage": ma'anarsu a fusata wani, ba mutum ya fusata da kansa ba, kuma nan ɗalibai da yawa ke zubar da maki. Ɓangaren duka, "batter" jibga ce a kai a kai, "smash" fasawa da ƙarfi, "shatter" tarwatsewa irin ta gilashi, "hurl" wurgi da iyakar ƙarfi, "trample" tattakewa.

Ƙamus kuwa, ki nemi Oxford Advanced Learner's Dictionary ko na Longman. Na farkon A. S. Hornby ne ya tsara shi, malamin da ya koyar da Turanci a Japan, domin waɗanda Turanci ba harshen uwa ba ne gare su, kuma Oxford ta buga shi a 1948. Amfaninsa shi ne jimlolin misali da ke ƙarƙashin kowace kalma. In kuɗin bai kai ba, sayi na hannu mai kyau ko da tsohon bugu ne, don waɗannan kalmomi ba su sauya ba. Shafinsa na intanet ma kyauta ne.

Tambaya: Na saya wa yarona ƙamus da araha a bakin titi, sai muka tarar daga "sh" ya tsallaka zuwa "st". Me zan yi? Uba daga Kano.

Amsa: Malam, na bogi aka sayar maka, kuma wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Dubi abin da ya ɓace a tsakanin nan: "slam", "slap", "smash", "snarl", duk babu su. Yaro zai nema ya rasa, ya ɗauka laifin kansa ne. Mu iyaye mukan sayi waya mai tsada ba ko ciniki, amma da an zo kan littafin da zai yi wa yara uku ko huɗu aiki a jere sai mu nemi mafi araha. Ai araha ba ta ado. Masu satar bugu takarda mai shara-shara suke amfani da ita, rubutun bayan shafi yana leƙowa ta gaba, ƙananan baƙaƙen da ke nuna lafazi sun dakushe, gam ɗin kuma da zafin Afrilu ya taɓa shi sai shafuka su fara zubewa. Kafin ka ba da kuɗi, buɗe littafin a wurare daban-daban, bi lambar shafi, ɗaga takarda ɗaya ka duba ta a haske. Mai shago ya hana ka buɗewa, ajiye masa kayansa. Sannan ka sani satar bugu laifi ne a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, kuma sayen da muke yi ne ke raya ta. Mayar wa wanda ya sayar maka, in har ka same shi a inda ka bar shi, ka tafi kantin littattafai mai ba da rasit.

Tambaya: Na ga jarida ta ce wani gwamna "slams" abokin hamayyarsa. Dukansa ya yi?

Amsa: A'a. A kanun labarai "slam" da "blast" caccaka ce da baki. Gajarta ta sa editoci ke son su.

Tambaya: Ana tallar wani ɗan littafi mai manyan kalmomi na gigita abokin gardama a Facebook. In saya?

Amsa: Kada ka saya, kuma ban ji daɗin tambayar ba. Kuɗin abincinka za ka ba da don ka iya cin mutuncin mutane? Jerin kalmomi babu jimlar misali ba ya koyar da komai, sai dai ka sa "pummel" (naushi a kai a kai) inda "scold" (faɗa da baki) ya dace. Tara kuɗin ka sayi ƙamus na gaske.