Ɗana Yana Son Ƙera Injin Dashen Murjani

TAMBAYA: Malam, salamu alaikum. Ɗana yana karatun injiniya a jami'ar KNUST. Kwanan nan ya dawo gida da maganar wai zai ƙera mutum-mutumi mai nutso cikin teku yana dasa murjani. Ni kuɗin makaranta nake biya da gumi. Wannan aiki ne ko mafarki? Daga wani uba a Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaron bai yi shirme ba, amma a zaunar da shi a yi masa bayani.

Murjani ba dutse ba ne, ƙananan halittu ne masu rai da ke gina wa kansu gida mai tauri, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na halittun teku a nan suke samun mafaka. Cikin jikinsu akwai wata gansakuka da ke ciyar da su, ita ce kuma ke ba su launi. Idan ruwa ya ɗara zafin da ya saba da digiri 1 kacal na wasu makonni, sai su kore ta, su yi fari fat, in abin ya daɗe su mutu da yunwa. Haka ya faru a babban shingen murjani na Ostiraliya, mai tsawon kilomita 2,300, a 2016 da 2017 da 2020, ya sake dawowa a 2022 da 2024.

Injinan da ɗanka ke magana a kai suna nan. A 2018 masana na jami'ar fasaha ta Queensland suka gwada wani inji mai suna LarvalBot kusa da birnin Cairns a Ostiraliya. Ana tattara ƙwayayen murjani a daren da suke zuba su cikin ruwa bayan cikar wata, a raine su, sannan injin ya bi wuraren da suka mutu yana yayyafa su. Akwai kuma wani da ke gane wata dabba mai ƙaya mai siffar tauraro, wadda ke cinye murjani, ya soka mata allura. Abin da ake hange nan gaba shi ne garken irin waɗannan injina suna aiki dare da rana ba tare da mai nutso ba.

Sai dai, Alhaji, ba su iya sanyaya teku. Rahoton masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce idan ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5, kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na murjanin ruwan ɗumi zai tafi. Shuka a irin wannan ruwa kamar zuba ruwa ne a kwando. A ganina wannan ne yaron ya kamata ya fara fahimta.

Mu nan Gana ba mu da irin wancan shingen a bakin gaɓa, saboda ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasa wajen Yuli zuwa Satumba da laka da koguna irin su Volta ke kwararowa. Amma a 2012 jirgin bincike na Norway, Dr Fridtjof Nansen, ya gano tudun murjanin ruwan sanyi a tekunmu, zurfin mita 400. Da wuya mai nutso ya kai can, sai inji. Rijiyoyin man Jubilee da ke yamma ma da irin waɗannan injina ake duba su.

Ku bar shi ya koyi ƙera injin da ke jure gishiri da matsin ruwa, ya haɗa da ilmin kwamfuta. Ko murjanin bai samu ba, aikin mai a Takoradi na neman masu wannan hannu.