Amsa ga mai tambaya kan rediyon Panasonic mai agogon da ke makara

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka samo tsohon rediyo mai agogo, irin wanda lambobinsa ke kifawa ɗaya bayan ɗaya, ka haɗa shi da taransfoma mai rage wuta, rediyon na magana lafiya amma agogon kullum a baya yake. Kana tambaya ko injinsa ne ya mutu. Don Allah kada ka kwance komai tukuna. Juya shi ka karanta rubutun da ke bayansa.

In ka ga 120V 60Hz, to na Amurka ne, kuma lafiyarsa ƙalau. Ɗan injin da ke juya lambobin yana bin bugun wutar layi ne, ba ya ƙirga lokaci da kansa. Wutar Amurka na bugawa sau 60 a daƙiƙa (ma'anar 60Hz ke nan), tamu ta Najeriya da Nijar sau 50. Taransfoma na rage ƙarfin wuta kawai, bugun ba ya canzawa. Shi ya sa agogon ke rasa minti 10 a kowace awa, awa 4 cur a yini. Auna da wayarka, in haka ne lissafin ya fito, ka gano matsalar. Ni ƙaramar inbata nake amfani da ita, mai fitar da 110V 60Hz daga batir, kuma ta raba ni da tsayawar agogo duk lokacin da aka ɗauke wuta. A kan janareta kuwa, kada ka sa ran daidaito ko kaɗan.

Nan gaba in za ka sayi wani, nemi na Turai mai 50Hz, ko na Japan. Wutar Japan iri biyu ce, 50 a gabas, 60 a yamma, don haka wasu na kamfanin Copal da samfurin Digimatic na kamfanin Sony suna da ɗan maɓallin zaɓi tsakanin 50 da 60.

Amma in makarar ba ta da tsari, ko kana jin gurnani a ciki, to tsohon giris ne ya daskare tun shekarun 1970. Cire shi daga wuta, ka goge haƙoran giyar injin a hankali, ka ɗiga mai na keken ɗinki kaɗan ƙwarai. Faifan lambobin kuma ruwa da sabulu kaɗan a auduga ya ishe su. Sinadari mai ƙarfi yana cinye farin rubutun, kuma ba ka da inda za ka samo wani. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ganin wanda aka murɗa maɓallin saitinsa baya har faifan suka karye. Gaba kawai ake murɗawa.

Ƙwan neon mai jan haske da ke haska lambobin in ya dushe, sabo ba tsada. Turo mana hoton rubutun bayan, sai mu san inbatar da ta dace da naka.