Yini ɗaya a garin bakin teku: ta ina za a fara?

Malam, ka ce kai da uwargida za ku yini a garin da ke da tashar jiragen ruwa, ta ina za ku fara? Ku yi sammako ku riski masunta suna sauke kamun dare, kifi na ƙyalli cikin kwanduna, tsuntsaye na shawagi a kai. Rana na take, wurin ya watse.

Don Allah ku tambayi lokacin cikar ruwa. A yawancin gaɓoɓi teku na cika sau 2 a rana, kusan awa 6 tsakanin janyewa da cika. Dutsen da kuka zauna a kai da hantsi, da la'asar ruwa ya shanye shi. Inda gansakuka ta kwanta kuwa santsi ne, ka riƙe mata hannu sosai.